Antoniyo Tores: kafintan da ya haɗa gita da gam ɗin fata

Duk wanda ya zauna kasuwa a shekarun da wayar Nokia ta cika hannun jama'a ya san ɗan kiɗan nan da take yi in an kira mai ita. Daga rumfar masu atamfa har layin masu tumatir, babu kunnen da bai ji shi ba. To wannan ɗan kiɗa an gutsuro shi ne daga wani kiɗan gita da wani makaɗin ƙasar Ispaniya mai suna Faransisko Tarega ya tsara a 1902. Baƙonmu na yau shi ne mutumin da ya ƙera wa Tarega gitar da ya yi suna da ita, wato Antoniyo de Tores Hurado, kafinta, mai shagon tangaran, wanda ya rasu da bashi a wuyansa a 1892.

Abin da ya sa muka ɗauko labarinsa shi ne wata gardama da muke yawan ji tsakanin kafintoci da masu sayen kayan ɗaki. Wasu sun ce duk abin da ba a buga masa ƙusa ba, ba abin dogara ba ne, gam kuwa yaudara ce, yau ya kama gobe ya saki. Gitocin Tores gam ne ke riƙe da jikinsu, gam ɗin ma na tsohon yayi, wanda ake dafawa daga fatar dabba. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 160 kuma har yanzu ana kaɗa su.

An haifi Tores ranar 13 ga watan Yuni 1817 a wani ƙauye da ake kira La Kanyada de San Urbano, dab da birnin Almeriya da ke bakin teku a kudancin Ispaniya. Wannan yanki shi ne Andalus da malamai ke ambata a tarihin Musulunci, kuma sunan Almeriya kansa daga Larabci ya fito. Ƙasa ce busasshiya, mai ƙarancin ruwan sama, har da ƴar hamada a cikinta, abin da ba a saba gani ba a Turai. Mahaifinsa, Huwan Tores, mai karɓar haraji ne. Sunan mahaifiyarsa Mariya Hurado. Yana ɗan shekara 12 aka sa shi koyon kafinta, kuma a garin Bera, arewa maso gabas da Almeriya, ya ƙware a sana'ar.

A shagon kafinta na wancan zamani, tukunyar gam ba ta rabuwa da wuta. Ba a san gam ɗin roba ko farin gam ɗin da muke saye a gwangwani yau ba, wanda masu Faransanci ke ce wa kol. Waɗannan sai a tsakiyar ƙarni na 20 suka yaɗu. Abin da kowa ke aiki da shi, daga mai yin kujera har mai yin goge irin na Turawa, shi ne gam ɗin dabba.

Ƴan uwa mata, ku kun fi kowa sanin asalin wannan gam, ko da ba ku taɓa shiga shagon kafinta ba. In kin dafa ganda ko ƙafar saniya ta nuna lugub, kin san yadda romon ke danƙo a yatsa, ya manne miki leɓe. In ya kwana a kwano kuma, da safe ki tarar ya daskare yana rawa. To shi ke nan gam ɗin fata. Ana tara guntayen fatar shanu, irin yanke-yanken da majema ke zubarwa, a jiƙa su cikin ruwan farar ƙasa na makonni har gashi da maiƙo su fita, a wanke su sosai, sannan a dafa a hankali. Romon da ya fito a tace shi, a bar shi ya daskare, a yanka, a shanya ya bushe ƙarau kamar ƙaro. A haka yana iya shekaru bai lalace ba. Ranar aiki kafinta zai jiƙa shi a ruwan sanyi, ya zuba a ƙaramar tukunya, ya sa ƙaramar cikin babba mai ruwan zafi, don kada wuta ta taɓa gam ɗin kai tsaye. Zafin da ake so wajen digiri 60 ne. In ya tafasa ya mutu, ƙarfinsa ya tafi. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai: a kabarin sarakunan Masar na dā an sami kayan katako da aka haɗa da irin wannan gam fiye da shekara 3000 da suka wuce.

Tores bai daɗe da fara cin gashin kansa ba ƙasar ta rikice. A 1833 sarki Fernando na 7 ya mutu, aka shiga yaƙin gadon sarauta tsakanin magoya bayan ƙanensa Karlos da na ƴarsa Isabel. Aka kwashi samari aikin soja, har da Tores. Mahaifinsa ya yi ta faɗi-tashi har aka sallamo shi bisa dalilin rashin lafiya. Da yake marasa aure aka fi ɗiba, sai iyaye suka gaggauta yi masa aure a 1835 da Huwana Mariya Lopes, ɗiyar wani mai shago, yarinya ƴar shekara 13.

Shekaru goman da suka biyo baya masu ɗaci ne. Sun sami ƴaƴa mata uku, biyu suka rasu suna ƙanana. A 1845 ita ma Huwana ta rasu da tarin fuka, tana da shekara 23 kacal. Ga bashi ya yi masa katutu, aikin kafinta a ƙaramin gari ba ya riƙe gida. Sai ya tattara kayan aikinsa ya nufi Sebil, birnin da Larabawa ke kira Ishbiliya, inda ake da masu kuɗi, da gidajen kiɗa, da katakon da jiragen ruwa ke kawowa daga ƙasashen waje. A can ya zauna wajen shekara 25, kuma shagonsa da aka fi sani yana kan wani layi mai suna Serraheriya, wato layin maƙeran makulli.

A Sebil ya haɗu da wani saurayi makaɗin gita, Huliyan Arkas, wanda shi ma ɗan yankin Almeriya ne. Arkas ne ya ba shi shawarar ya mai da ƙera gita sana'arsa ta dindindin, a farkon shekarun 1850. Shawarar ta yi amfani. A 1856 ya ƙera wata gita da aka yi wa laƙabi da La Leyona, wato Zakanya, saboda ƙarfin muryarta. A 1858 ya sami lambar tagulla a bajekolin Sebil da wata gitar da ya ƙawata da adon katako iri-iri.

Me ya canza a gita har ake cewa shi ne uban gitar zamani? Kafin shi gitocin Turai ƙanana ne, masu siririn ƙugu, muryarsu ba ta cika babban ɗaki. Tores ya faɗaɗa cikin, ya ƙara girman fuskar da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ya tsai da tsawon tsirkiya a kan santimita 65, ma'aunin da har yau ake bi. Fuskar, wato katakon gaba mai rami, da itacen tsaunukan Turai marar nauyi yake yin ta, wanda Faransawa ke kira episeya. Yakan fere ta har ta koma wajen milimita 2, ya ɗan ba ta doro kaɗan. Katako mai wannan sirantaka ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba, don haka ta ciki yakan manna masa ƴan sanduna siraru, galibi guda bakwai, a baje kamar haƙarƙarin mafici. Gaskiya ba shi ya fara wannan dabara ba, maƙeran birnin Kadis irin su iyalan Pahes da Benedid sun riga shi. Shi dai ya daidaita ta, ya haɗa ta da sauran ma'aunai har komai ya zauna.

Yanzu mu dubi inda gam ya shigo. A fuskar gita akwai wani ɗan katako da ake ɗaura tsirkiyoyi shida a kansa. Mu kira shi jaki, tunda shi ke ɗaukar kaya. In an ɗaure tsirkiyoyin, jan da suke yi masa ya kusa kilo 40, wato ya doshi buhun siminti, kuma jan ba ya hutawa dare da rana. A zamanin Tores tsirkiyoyin na hanjin tumaki ne da na siliki da aka naɗe da ƙarfe, sai bayan yaƙin duniya na biyu aka koma na leda. Wannan jaki ba ƙusa, ba noti, ba abin da ya huda shi. Gam kawai aka shafa aka ɗora shi a kan katakon da bai fi kaurin kwali ba. Haka sandunan ciki. Haka gefuna, waɗanda ake haɗawa da fuska ta hanyar jera ƴan gutsattsarin katako masu yawa, kowane a tsoma shi a gam a danna shi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har a zagaye gitar. Ita kanta fuskar ba falle ɗaya ba ce, aƙalla biyu ne aka haɗa baki da baki a tsakiya, inda faɗin wurin da gam zai kama bai wuce kaurin katakon ba.

Akwai dalilan da suka sa gam ɗin fata ke jure wannan aiki. In ya bushe yakan yi tauri kamar gilashi, ba ya miƙewa. Farin gam na zamani yana da ɗan laushi irin na roba, in kaya suka daɗe a kansa cikin zafi sai ya riƙa zamewa sannu-sannu, har wata rana a ga jaki ya gusa ko ya ɗaga baki. Na fata ba ya wannan zamewa. Sannan yayin da yake bushewa yana tsukewa, yana jawo katakan biyu zuwa ga juna. Tsukewar tana da ƙarfi har masu adon gilashi na shafa shi a kan gilashi su bar shi ya bushe, ya ɓantaro ƴan ɓaɓɓake daga fuskar gilashin su zama ado. Haɗin da aka yi daidai, in ka sa ƙarfi ka karya, sau da yawa katakon da ke gefe ne ke tsagewa, layin gam ɗin yana nan.

Amma fa sai an yi daidai ɗin, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa su ɗora wa gam laifi. Gam ɗin fata ba ya cike giɓi. In bakin katakan biyu bai haɗu tsaf ba, har ka ɗaga su a rana ka hangi haske a tsakani, to komai yawan gam ɗin da ka zuba ba zai riƙe ba. Kuma ba ya jira. Daga fitowarsa tukunya ya fara sanyi, cikin minti ɗaya ko biyu ya fara daskarewa, in ka haɗa bayan ya daskare ka yi aikin banza. Shi ya sa masu aiki da shi ke ɗumama katakon tukuna, su rufe ƙofa da taga saboda iska, su ajiye igiya da ƴan katakan matsi kusa da hannu, su gwada haɗin a bushe kafin su taɓa tukunya. Gam ɗin da aka yi ta ɗumamawa kwana da kwanaki shi ma ƙarfinsa na raguwa, in ya fara wari sai zubarwa. Babban maƙiyinsa kuma shi ne laima in ta haɗu da zafi. Kujerar da aka haɗa da shi, in aka bar ta a rumfar da ke yoyo damina guda, za ta saki, har fumfuna ta ci gam ɗin, don abinci ne a wurinta. Ba ma ɓoye wannan. Wanda zai yi benci na tsakar gida ko ƙofar waje, ya nemi wani gam ɗin. A cikin ɗaki busasshe kuwa, irin na Almeriya, sai ya fi mai shi daɗewa.

A 1862 Tores ya yi wani abu da har yau ake labarinsa. Yana so ya nuna cewa muryar gita daga fuskarta take fitowa, ba daga tsadar katakon baya da gefuna ba. Sai ya ƙera gita mai fuskar katako mai kyau, amma bayanta da gefunanta na kwali, wato takarda da aka danne aka manne. Gitar ta yi murya. Daga baya ta shiga hannun Tarega, sannan almajirinsa Migel Yobet. A wurinmu wannan gita shaida ce ta biyu: katako da kwali ba abin da zai haɗa su sai gam.

Ba a nan kaɗai ya nuna rashin damuwa da ƙyale-ƙyale ba. Ga mai kuɗi yakan yi baya da gefuna da katako mai tsada irin palisandar da ake kawowa daga Amurka ta Kudu. Ga talaka yakan yi da itacen sipre na gida mai araha. Masu binciken gitocinsa sun tarar a wasu ya yi aiki da katako mai ƙulli, ko falle uku ko huɗu da ba su yi kama da juna ba, abin da maƙerin yau zai ji kunyar sayarwa. Ya san in haɗin ya yi kyau, falle huɗu za su yi aiki kamar falle ɗaya.

A 1868 ya sake aure, ya auri Hosefa Martin Rosada. Ba da daɗewa ba wani attajiri ya zo Sebil da wani yaro ɗan shekara 17 don ya saya masa gita. Yaron shi ne Tarega. Da farko Tores ya miƙo masa wata gita ta yau da kullum, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi wa yaron da bai sani ba. Da ya ji yadda yaron ke kaɗawa, sai ya shiga ciki ya ɗauko wadda ya ƙera wa kansa a 1864. Tarega ya yi kusan shekara 20 yana yawo da wannan gita gari-gari, har ta gaji. Daga baya wani maƙerin birnin Barsalona, Enrike Garsiya, ya gyara ta.

Duk da wannan suna, sana'ar ba ta ciyar da shi ba. A ƙarshen shekarun 1860 tattalin arzikin Ispaniya ya shiga matsi, a 1868 aka yi juyin da ya kori sarauniya Isabel daga mulki. A gidajen masu hali kuma piyano ake yayi, gita ana kallon ta kayan mashaya da ƴan talakawa. Wajen 1870 Tores ya rufe shagonsa na Sebil, ya koma Almeriya, shi da matarsa suka buɗe shagon tangaran da kayan gilashi a kan titin Reyal. Ku duba fa, mutumin da ya fi kowa iya ƙera gita a duniyar lokacin, yana da shekara 53, ya koma zaune bayan kanta yana cinikin faranti da kofuna, kayan faɗi-ka-mutu. Mu ba mu ga abin kunya a nan ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin hajar da yake ƙauna ya koma wadda ke tafiya, saboda bakunan da ke jiran sa a gida, ya san abin da Tores ya ji.

Shekara biyar ya yi bai koma sana'ar sosai ba. A 1875 ya sake hura wuta a ƙarƙashin tukunyar gam, yana yi jefi-jefi tare da harkar shago. Daga nan ya fara rubuta wa kowace gita lamba a takardar da yake mannawa a cikinta, yana kuma nuna cewa wannan zango na biyu ne na aikinsa. Lambobin sun kai 155. A 1883 Hosefa ta rasu, ta bar shi da ƙananan ƴaƴa mata. Tsoho ɗan shekara 66 ya ƙara ƙaimi, yana fitar da gita wajen 12 a shekara don ya ciyar da su.

A shekarunsa na ƙarshe, a ƙauyensu na La Kanyada, hannunsa ya fara rawa. Ga wanda ke aiki da gam ɗin fata wannan babbar masifa ce. Fere katako yana iya yi a hankali, ya huta, ya ci gaba. Manna kuwa minti ɗaya gare ka, kuma sai hannu ya tsaya cak. Sai ya sami taimako daga wani matashin limamin coci na ƙauyen, Huwan Martines Sirben, wanda suka yi abota. Shekaru da yawa bayan haka, a 1931, wannan limami ya rubuta wasiƙa yana ba da labarin tsohon, kuma daga wasiƙar aka san abubuwa da dama game da ƙarshen rayuwarsa. Ya ce Tores kan neme shi in lokacin manna gefuna da fuska da adon baki ya yi, kuma wannan aiki a rufe yake yin sa, ko danginsa ba ya bari su gani. Mutane sun ɗauka wani asiri yake ɓoyewa. Limamin ya ce wata rana a wurin cin abinci aka roƙi Tores kada ya tafi kabari da sirrinsa, sai ya amsa cewa ba yadda zai yi ya bar wa wani, domin sirrin yana tsakanin babban yatsansa da manuniya, su ne ke gaya masa ko katako ya kai yadda yake so in ya taɓa shi. Mu dai da muka san halin gam ɗin fata, muna ganin rufe ƙofar ma yana da dalili na fili: iska da surutu duka suna ɓata haɗi.

Antoniyo de Tores ya rasu ranar 19 ga watan Nuwamba 1892, yana da shekara 75. Bai bar dukiya ba, bashi ya bari.

Bayan rasuwarsa maƙeran Madrid, musamman Manuwel Ramires, suka ɗauki tsarinsa. A Jamus, Herman Hawza ya nazarci gitar Tores ta 1859 da ke hannun Yobet, kuma shi ne ya ƙera gitar 1937 da shahararren makaɗi Andires Segobiya ya yi shekaru yana zagaya duniya da ita. Daga nan tsarin ya bazu ko'ina. Gitar katako mai tsirkiyar leda da za ka gani yau a shago, ko daga wace ƙasa aka kawo ta, jikar ta Tores ce a siffa da ma'auni. Sunansa ya yi tsada har ƴan damfara suka riƙa buga takardar jabu mai sunansa suna mannawa cikin gitocin wasu. Wani maƙerin gita ɗan Ispaniya, Hose Romaniyos, ya yi shekaru yana bin sawun aikinsa, ya fitar da littafin tarihinsa a 1987. A lissafinsa Tores ya ƙera gita kusan 320 a rayuwarsa, kuma ya gano fiye da 80 da suka rage.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan gitoci sun kai yau ba tare da hannu ya taɓa su ba. Yawancinsu an gyara, wasu sau da dama. Katako ya tsage, jaki ya ɗaga, sanda ta saki a ciki. Abin lura shi ne gyaran ya yiwu, kuma gam ɗin ne ya ba da hanya. Mai gyara zai sa ɗan ruwan ɗumi da zafi a kan layin, ya zura siririyar wuƙa, haɗin ya buɗe ba tare da katako ya yage ba. In ya gama ya shafa sabon gam, sabon ya narkar da tsohon su zama ɗaya. Farin gam ba ya kama tsohon farin gam da kyau, sai an kankare wurin har an taɓa katako, kuma katako mai milimita 2 ba shi da abin da za a kankara sau biyu. Gam mai ƙarfi na zamani, irin mai ruwa biyu da ake gaurayawa, shi buɗe shi ma faɗa ne. Masu gyaran gogen Turawa har da gangan suke tsinka gam ɗin da suke manna fuska da shi, domin in iska ta bushe katako ya tsuke, gara layin gam ya saki da a ce fuskar ta tsage. Da haka gogunan Istradibari na ƙasar Italiya, masu shekara 300, suka kai zamaninmu, an buɗe su an rufe ba adadi.

Manyan masana'antu sun bar gam ɗin fata ne saboda sauri, tunda farin gam ba ya son wuta kuma yana ba ma'aikaci lokaci. Kamfanin gita na Martin a Amurka ya bar shi a shekarun 1960. Bayan shekara 40 sai ga shi ya koma gare shi wajen ƙera wasu gitocinsa mafi tsada. Wasu makaɗa na rantsuwa cewa gam ɗin fata na ƙara wa gita murya. Wannan magana akwai gardama a kanta, kuma mu ba za mu sa baki ba, kunne kowa da nasa. Batun riƙo da batun gyara su ne ido ke gani.

Zakanya, gitar 1856, tana nan, kuma wani makaɗin Jamus, Wulfin Liske, ya naɗi faifai da ita. Gitar Tores in ta fito kasuwar gwanjo a Turai ko Amurka, farashinta kan haura dolar Amurka dubu 100, dola fa muka ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A 2013 birnin Almeriya ya buɗe gidan tarihin gita da sunansa. Ita kuwa gitar kwali ta 1862 tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barsalona.